IN AIKIN LAFIYA YA KAI KA NESA DA GIDA

Karatu: Nehemiya 1 da 2, 2 Sarakuna 5:19-27

 Akwai wata tambaya da matasan ikilisiyoyinmu na Gambaga, da Yendi, da Salaga, da Bawku suke yawan yi, musamman waɗanda suka karanta aikin jinya ko aikin kiwon lafiyar jama'a. Sukan ce: "In Allah ya buɗe mini ƙofa in yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, ko wata babbar ƙungiya a ƙasar waje, daidai ne in tafi? Asibitin garinmu fa yana kukan rashin ma'aikata. Ba zan zama mai gudu daga mutanena ba?" Iyaye ma suna da tasu tambayar. Wasu suna addu'a dare da rana ɗansu ya sami hanyar fita. Wasu kuwa suna tsoro kada ya tafi ya zama sai labari.

Wannan tambaya ta lamiri ce, kuma rayukan mutane suna rataye a kanta. Saboda haka ba za mu amsa ta da gaggawa ba. Mu duba irin aikin da kansa, mu duba abin da ya faru a ƙasarmu, sa'an nan mu sa su gaban Maganar Allah.

AIKIN DA BA A CIKA YI MASA GODIYA BA

Likitan asibiti yana jiran mara lafiya ya zo. Ma'aikacin lafiyar jama'a kuwa shi ne yake fita ya tare cutar tun ba ta shiga gari ba. Shi ne mai allurar rigakafi, mai duba rijiya da dam, mai ƙidaya waɗanda suka kamu domin a gane inda annoba ta nufa, mai koya wa uwa yadda za ta haɗa ruwan gishiri da sukari in gudawa ta kama jariri. Tun kakanni mun san rigakafi ya fi magani.

Kada ka ɗauka Turawa ne suka fara wannan tunani. Buɗe Littafin Firistoci sura 13, za ka ga firist yana duba fatar mutum, yana ware shi kwana bakwai, ya sake dubawa kafin ya yanke magana. Buɗe Maimaitawar Shari'a 23:12-14, za ka ga Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango domin zagayawa, kowa kuma ya riƙe abin tono ya rufe. Allahn da ya ba da Dokoki Goma bai ga maganar bayan gida ta yi masa ƙanƙanta ba. A 2 Sarakuna 2 kuma, da mutanen Yariko suka kai wa Elisha kukan ruwansu, bai bi gida gida ba. Ya tafi can maɓuɓɓugar, ya gyara ruwan daga tushe.

Amma lura da wannan. Wanda aka yi wa tiyata ya warke yakan dawo da zabi ko doya ya yi godiya. Yaron da bai kamu da ƙyanda ba domin an yi masa allura bai san an cece shi ba, uwarsa ma ba ta sani ba. In wannan aiki ya yi nasara, abin da ake gani shi ne babu abin da ya faru. Wanda yake neman tafi da yabo zai gaji da shi da wuri. Aiki ne na wanda ya yarda cewa Uban da yake ganin abin da aka yi a ɓoye, shi zai sāka.

CUTA BA TA NUNA TAKARDA A KAN IYAKA

In ka tsaya a bakin dutsen Gambaga ka dubi arewa, za ka hango kwarin Farin Volta a shimfiɗe. Ka tambayi tsofaffi yadda wannan kwari da na Jan Volta suke a dā. Ƙasa ce mai albarka, amma ƙauyuka da yawa sun tashi sun bar ta, domin wani ɗan baƙin ƙuda da yake hayayyafa a inda ruwa yake gudu da ƙarfi. Cizonsa yana sa wa mutum tsutsa, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, bayan shekaru ido ya mutu. A wasu ƙauyuka abin da aka saba gani shi ne yaro a gaba riƙe da sanda, babba a baya yana binsa.

Gana ita kaɗai ba ta iya kashe wannan cuta ba, gama kogin daga Burkina Faso yake gangarowa, iska kuma tana ɗaukar ƙudan tafiyar ɗaruruwan kilomita. Sai a shekara ta 1974 ƙasashe 7 suka haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya, suka kafa shiri guda mai hedkwata a Wagadugu. Daga baya ƙasashen suka zama 11. Jirage masu saukar ungulu suna bin koguna mako mako suna zuba maganin da yake kashe 'ya'yan ƙudan. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta har muddin ana bukatarsa. Sa'ad da aka rufe shirin a 2002, an ƙiyasta cewa an kuɓutar da mutum wajen 600,000 daga makanta, an kuma buɗe wa manoma ƙasa wajen hekta miliyan 25. A Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta rabu da wannan cuta.

Wa ya shugabanci wannan shiri daga 1980 zuwa 1994? Dokta Ebrahim Samba, likitan tiyata daga Gambiya. Ya bar asibitin ƙasarsa, Gambiya kuwa ba ta da likitoci da yawa. Da ya ce ba zai bar gida ba, ba za a zarge shi ba. Amma yau akwai manoma a yankin Bawku da Zebila waɗanda suke ganin fuskar jikokinsu, ba su kuwa taɓa jin sunansa ba.

Haka maganar sanƙarau. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba su manta da ranin 1997 ba, sa'ad da cutar ta ratsa arewacin Gana, mutum fiye da 18,000 suka kamu, fiye da 1,300 suka rasu. Shekara guda kafin haka ta yi ɓarna a Kano da Katsina da Nijar. Allurar da ta karya lagon irin wannan sanƙarau, wadda ake kira MenAfriVac, a Indiya aka yi ta, a kan farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba. An fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ta iso arewacin Gana a 2012. Mutanen ƙasashe da yawa suka sa hannu kafin ta shiga damtsen ɗanka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A aikin lafiya ma sai ka ɗauki guga ka tafi gidansa.

Ka kuma tuna da asibitin Baptis na Nalerigu, mil biyar daga Gambaga, wanda aka buɗe a 1958. Dokta George Faile ya baro Amurka ya zo ya kafa shi, ɗansa ma ya zo ya yi hidima a wurin. Akwai dangi da ikilisiya a can da suka sallame su da hawaye. Mu da muka sha daga rijiyar waɗanda suka bar gidajensu, ba mu da bakin cewa barin gida domin lafiyar wasu zunubi ne. Yusufu ma a baƙuwar ƙasa ya tara hatsin da ya ceci Masarawa, ya ceci gidan mahaifinsa kuma.

AMMA KA SAURARI KUKAN NA BAYA

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce kowa ya ɗaure kayansa. Amma akwai wani gefen, wajibi ne mu dube shi da idon gaskiya.

Wani bincike ya nuna cewa cikin likitocin da suka gama makarantar likita ta Jami'ar Gana tsakanin 1985 da 1994, wajen shida cikin goma sun bar ƙasar. A shekara ta 2022 kaɗai, ma'aikatan jinya 'yan Gana fiye da 1,200 suka shiga rajistar aikin jinya ta Ingila. Waɗanda suka rage ma, yawancin likitoci a Akra da Kumasi suke. Arewa takan sami abin da ya saura. Abin ya kai har a 2010 ƙasashen duniya suka amince da wata ƙa'ida a kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙasashe matalauta, Gana kuwa tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi hattara da kwashe ma'aikatansu.

Waɗannan lambobi suna da fuska. In ungozoma ɗaya ta bar ƙaramin asibitin ƙauye a bayan Salaga ba a sami madadinta ba, mace mai naƙuda za ta hau bayan babur da tsakar dare a kan hanyar da damina ta cinye. Wata za ta isa. Wata ba za ta isa ba.

Akwai kuma maganar bashi. Ilimin da yake kanka, ba kai kaɗai ka saya ba. Harajin mai sayar da koko a tasha yana ciki. Man kaɗanyar da mahaifiyarka ta dama yana ciki, da akuyar da kawunka ya kai kasuwa, da baikon da zumuntar mata suka tara ranar da za ka koma makaranta. Marasa lafiyan da ka koyi allura a jikinsu, talakawan nan ne. Manzo Bulus ya tambayi Korintiyawa ko akwai abin da suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba. Doka ta ba ka 'yancin tafiya, kuma ba wanda ya isa ya ɗaure maka ƙafa. Amma Bulus ɗin nan ya koya mana cewa abu yana iya zama halal, duk da haka bai gina kowa ba, kuma mai bi yana auna amfanin maƙwabcinsa tare da nasa.

Kada kuma mu yi wa waɗanda suka tafi hukunci da sauƙin baki. Da yawa sun jira shekaru bayan makaranta ba a ɗauke su aiki ba. Wasu sun yi aiki wata da watanni ba albashi. Wasu sun ga mara lafiya ya mutu a hannunsu domin babu jini ko iskar numfashi. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, Ubangiji da kansa ya faɗi haka. In ƙasa ta horar da ɗa ta bar shi da yunwa, ita ma tana da nata alhakin.

To, ga gaskiya biyu a gabanmu. Duniya tana bukatar 'ya'yanmu a wuraren da ake yanke shawara, gida kuma yana zubar da jini in sun tafi. Yaya mai bi zai yi?

MA'AUNIN NEHEMIYA

Nehemiya ya kai matsayin da Bayahude baƙo zai iya kai a zamaninsa. Shi ne mai miƙa wa Sarki Artashate abin sha a fadar Shushan, ƙasar Farisa. Yana da abinci, yana da tsaro, yana da kunnen sarki. Littafi Mai Tsarki bai zarge shi ko sau ɗaya domin yana can ba. Amma dubi abubuwa huɗu da ya yi.

Na ɗaya, ya yi tambaya. Da ɗan'uwansa Hanani ya zo daga Yahuza, Nehemiya ne ya fara tambayar lafiyar waɗanda suka rage da halin da Urushalima take ciki. Mutum yakan daina tambayar gida tun kafin ya daina zuwa gida, domin ya san amsar za ta ɗora masa nauyi. Ranar da ka ga wayar gida ta zame maka abin gudu, ka bincika zuciyarka.

Na biyu, labarin ya taɓa shi. Ya zauna ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a kwanaki. A aikin lafiyar jama'a akwai wani haɗari na musamman: kullum da lambobi kake aiki. Yau mutum dubu kaza, gobe kashi kaza cikin ɗari. In ba ka yi hankali ba, mutuwar yara za ta zame maka layi a kan allon kwamfuta. Roƙi Allah ya bar maka hawayenka.

Na uku, ya sa matsayinsa cikin haɗari saboda mutanensa. Ya shiga gaban sarki da fuskar baƙin ciki, abin da zai iya jawo masa mutuwa. Da aka tambaye shi kuwa, ya riga ya san abin da zai roƙa: izinin tafiya, wasiƙu zuwa ga masu mulkin hanya, da katako daga kurmin sarki. Abin da mazaunan Urushalima ba su iya samu ba, shi ya samo, domin yana wurin da ake ba da shi. Wannan shi ne amfanin ɗanmu a Janiba ko Barazabil. In ana raba allura ko kuɗin rijiyoyi, a sami wani a teburin wanda ya san cewa hanyar Yendi zuwa Saboba takan yanke da damina, kuma manomi ba ya zuwa taro a lokacin shuka.

Na huɗu, bai ci da gumin talakawa ba. A sura 5 ya ce shekara goma sha biyu yana mulki bai karɓi abincin da ake ba mai mulki ba, domin ya ga nauyin ya yi wa jama'a yawa.

Muna da misalai a ƙasarmu. Farfesa Fred Binka ya yi shekaru a Nabrongo yana bin gidajen ƙasa. Binciken da ya jagoranta tsakanin 1993 da 1995 ya nuna gidan sauro mai magani yana rage mutuwar ƙananan yara da kashi 17 cikin 100, wannan kuwa yana cikin shaidun da suka sa aka raba gidan sauro ko'ina a Afirka. Ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, ya komo, ya zama shugaban farko na jami'ar koyon aikin lafiya da take Ho a 2012. Dokta Anarfi Asamoa-Baah ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar gaba ɗaya daga 2007, da annobar korona ta zo a 2020 kuwa, shi aka ɗora wa tsara yaƙi da ita a Gana. Ba ni da ikon auna zuciyar kowa, Allah ne mai wannan. Amma sawun ƙafarsu ya nuna mutum yana iya yin nisa ba tare da ya yanke igiya ba.

DARASI DAGA KURKUNU

In kana so ka ga yadda na nesa da na gida suke bukatar juna, dubi labarin kurkunu. Mutum yakan sha ruwan tafki mai ƙananan ƙwari waɗanda suke ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Bayan shekara guda sai ƙafa ta yi bororo, tsutsa mai tsawon da ya kai mita ɗaya ta fara fitowa. Zafin yakan sa mutum ya tsoma ƙafar a ruwa, nan take kuwa tsutsar ta zuba dubban 'ya'ya, sai shekara mai zuwa kuma. Ba ta da magani, ba ta da allura. A ƙidayar 1989 an sami mutum kusan 180,000 da ita a Gana.

Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda ya yi shekaru yana koyar da makarantar Lahadi a ikilisiyarsa, ya ga cutar da idonsa a Gana a 1988, ya sa sunansa da ƙarfinsa a kanta. Kuɗi ya zo, ƙyallen tace ruwa ya zo, masana suka zo. Duk da haka cutar ta yi taurin kai a arewa. Rikicin 1994 da ya shafi yankunan Yendi da Bimbila da Salaga ya kori ma'aikata, aikin ya koma baya. Da ruwan famfon Tamale ya lalace, cutar ta sake ɓarkewa a Sabelugu, har Carter ya zo garin a Fabrairun 2007 ya ga yara suna kuka ana naɗe musu tsutsa.

Su wa suka ƙarasa yaƙin? Masu aikin sa kai na ƙauyuka, maza da mata, waɗanda suka bi gida gida da littafin rubuta suna, suka tsare bakin dam, suka roƙi maƙwabci kada ya shiga ruwa da gyambo. A watan Mayu 2010 aka ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Gana, a ƙauyen Diare. A Janairun 2015 aka ba ƙasar takardar shaida. Dokta Andrew Seidu Korkor, wanda ya jagoranci shirin a Gana, daga baya ya koma ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya domin ya taimaki ƙasashen da suka rage. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi suna kamuwa a duniya kowace shekara. A 2024 ba su kai 20 ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ido ba zai ce wa hannu ba ya bukatarsa ba, kamar yadda Bulus ya koyar game da jikin Almasihu.

IN KANA JIN KIRAN, GA YADDA AKE GINI

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, in ka auna kanka ka ga wannan ce hanyarka, to, ka fara daga ƙasa. Mai aminci a ƙaramin abu shi ake ba babba. Kada ka raina aikin gunduma. Shekarun da ka yi kana ɗaukar akwatin sanyi na allura a bayan babur zuwa ƙauyukan hayin kogi, su ne jarinka. Manyan ofisoshi suna cike da masu digiri. Wanda suke nema shi ne wanda ya taɓa tsayawa gaban sarkin ƙauye ya shawo kansa.

Ka ƙara ilimi da haƙuri. Akwai kwalejin lafiya a Kintampo, akwai jami'a a Tamale da Ho, akwai makarantar lafiyar jama'a a Legon. In ka sami tallafin karatu zuwa Landan ko Libaful, kuma ka sa hannu cewa za ka dawo, to, ka dawo. Sa hannun mai bi alkawari ne a gaban Allah.

Ka koyi Faransanci. Daga Bawku, Burkina Faso da Togo sun fi Tamale kusa, ofishin lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma kuwa a Bobo-Diyulaso aka kafa shi. Kada kuma ka yar da Hausarka, ko Mampuruli, ko Kusal, ko Dagbanli. Da Hausa kaɗai za ka iya magana da uwa a Maraɗi, da Sakkwato, da zangon Kumasi.

Ka tsare gaskiyar lambobi. Wannan ita ce jarabar aikin. Za a so rahoto ya yi kyau domin kuɗi ya ci gaba da zuwa. Za a ce a ƙara yawan yaran da aka yi wa allura, ko a rage yawan waɗanda suka mutu. Lambar ƙarya shaidar zur ce, kuma tana kisa. Kurkunu ɗaya da aka ɓoye bana, gari guda ne zai kwanta baɗi.

Ka kuma tuna da Gehazi. Allah ya warkar da Na'aman kyauta, Elisha ya ƙi karɓar komai, amma baransa ya bi karusar a guje, ya shirya ƙarya, ya karɓo talanti biyu na azurfa da riguna biyu. Ya mai da warkarwar wani kasuwa. Albashi mai kyau ba laifi ba ne. Amma akwai mai bin taro daga otal zuwa otal saboda kuɗin zama, akwai mai sa hannu a kan tafiyar da bai yi ba, akwai mai son kada matsala ta ƙare domin kada aikinsa ya ƙare. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kuturtar Na'aman ta koma kan Gehazi.

Kada kuma ka ɗora begenka a kan ƙungiya. A shekara ta 2025 Amurka ta ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kuma rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID. Dubban ma'aikata a ƙasashe da yawa suka wayi gari ba aiki, Hukumar da kanta ta rage ma'aikata. Wanda farar mota ya bi, ranar nan ya rasa komai. Wanda kira ya bi, ya rasa albashi, amma kiransa yana nan.

GA MAI ZAMA, DA IYAYE, DA IKILISIYA

Kai kuma da ka zaɓi zama, ko ƙofa ba ta buɗe maka ba, kada ka ga kanka kamar wanda aka bari a tasha. Dokta David Abdulai na Tamale ya yi karatu a Turai. Ya komo, ya bar aikin gwamnati, ya buɗe asibitin Shekhinah a 1991 inda ba a karɓar ko kwabo, ya kuma riƙa kai wa masu taɓin hankali abinci a kan titi har ya rasu a 2016. A ranar da Ɗan Mutum zai raba tumaki da awaki, tambayoyin da suke cikin Matiyu 25 a kan mayunwaci ne, da baƙo, da mara lafiya, da ɗan kurkuku. Ba a ambaci sunan birnin da mutum ya yi aiki ba.

Iyaye, ku yi hankali da irin nauyin da kuke ɗora wa 'ya'yanku. In duk abin da ɗa yake ji daga gida shi ne "aiko", zai ɗauka bashin da ake binsa na kuɗi ne kawai, ya biya ya huta. Ku riƙa ba shi labarin rijiyar unguwa da asibitin gari, kamar yadda Hanani ya yi. Ikilisiya kuma, in ɗanmu zai tafi, kada ya sulale da dare. Mu kira shi gaba, mu ɗora masa hannu kamar yadda ikilisiyar Antakiya ta yi wa Bulus da Barnaba, mu aike shi. Wanda aka aika yakan komo ya ba da rahoto. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ikilisiyar Almasihu kada ta bar nata.

DOMIN TUNANI

In babu ƙarin albashi ko kaɗan, zan so wannan aiki? Wa zai riƙe wurin da zan bari, na kuma horar da wani? Wane abu guda zan iya samo wa mutanena daga can wanda ba zan iya samu daga nan ba? Wa na ba izini ya tsawata mini in na fara mantuwa?

ADDU'A

Ya Uba na Sama, kai ne ka aiko da Ɗanka daga nesa ya zauna a cikinmu, ya taɓa kutare, ya buɗe idon makafi. Muna kawo maka 'ya'yanmu masu aikin lafiya. Wanda ka kira ya tafi, ka ba shi zuciyar Nehemiya, ka tsare shi daga hanyar Gehazi. Wanda ka kira ya zauna, ka ƙarfafa hannunsa, ka biya bukatarsa. Ka ba shugabanninmu hikima su riƙe ma'aikata da adalci. Ka tuna da mata masu naƙuda a ƙauyukan da ba ungozoma a daren nan. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.